Wa Ya Tsaya Masa? Tarihin Gadi a Zangunan Gana, Daga Madugu Zuwa Kamfani



A 'yan shekarun nan da wuya wata ya kama ya mutu ba a kawo maganar gadi a zauren dattawa ba. Wani lokaci kwamitin masallaci ne mai jerin shagunan wakafi a bakin titi, wani lokaci magada ne da suka haɗa kai suka mai da gidan mahaifinsu ɗakunan haya, galibi kuwa wakili ne wanda ɗan uwansa ya aiko da kuɗi daga Jamus ko Amurka aka gina bene, aka damƙa masa makullai. Buƙatarsu ɗaya ce, a gaya musu kamfanin da za su ɗauka. Sukan zo da takardu masu sheƙi, kowace da hoton samari cikin inifom da farashin wata a ƙasa. Dattawa kuwa sukan ture takardun gefe su yi tambayar da suka gada: wa ya tsaya masa? Yara na ganin wannan tambaya tsohon yayi ce, alhali tsaron dukiyarmu a ƙasar nan tun farko a kanta aka gina shi, don haka muka ga ya dace mu bi sawunta daga tushe.

Sunan unguwanninmu kansa daga harkar ayari ya fito. Zango shi ne wurin da ayari ke yada kaya ya kwana. Kakanninmu da ke fataucin Gwanja sukan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da jar fata, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Yandi har Salaga, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni, cikin dazuzzukan da 'yan fashi suka san lokacin wucewar kowane ayari. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na tare da su wajen shirya sauka da biyan abin da sarakunan hanya ke karɓa. In an sauka, a tara kaya a tsakiya, a ɗaure jakuna, a raba dare tsakanin samari. Babu wanda ake biya ladan gadi, domin wanda ke tsaye a bakin wuta kayansa ko na ubangidansa na cikin tarin. In ya yi barci kansa ya cuta.

In ayari ya shiga gari sai amana ta koma hannun fatoma, wato maigidan da ke saukar da baƙi. Shi ke ba da masauki, shi ke ajiye kaya a ɗakunansa, shi ke nemo mai saye, shi ke tsaya wa bashi. Ba shi da takardar izini daga kowa. Jarinsa sunansa ne, kuma ya san in huhun goro ɗaya ya yi ƙafa a gidansa, labari zai riga shi isa Kano, baɗi ayari ya sauka a gidan maƙwabcinsa. Yaran da ke kwana a zaurensa su ne masu gadin farko da aka sani a zangunanmu, kuma ba a tambayar sunayensu, sunan maigidansu ake tambaya.

Wannan tsari ya girgiza sau biyu cikin shekara ashirin. A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, ikon Tonawa a kan arewa ya yi rauni, Salaga ta ɓalle, goro ya sauya hanya zuwa Kintampo, wani kuma ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Sa'an nan a 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin 'ya'yan sarautar Kpembe, kasuwar Salaga ta watse. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya Kumasi da Ankara. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934, yana cikin waɗanda yaƙin ya tayar, ya kuma rubuta labarinsa cikin waƙa. Mutanen da suka saba gadin kayan kansu suka wayi gari da yawansu ba kaya, sai ƙarfi da suna.

Ta bakin teku kuma wani reshe na labarin yana tahowa. A 1863 wani jami'in Ingilishi mai suna Glover ya kafa runduna a Ikko daga cikin masu jin Hausa, da yawansu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Da su ya zo yaƙin 1873 zuwa 1874, ya bi ta gefen kogin Bolta. A 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata rundunar a kan wannan tubali, a 1894 aka fitar da 'yan sandan farar hula daga cikinta, a 1901 sauran suka zama bataliyar soja. Bayan haka aka kasa 'yan sanda kashi-kashi, har da na rakiya, waɗanda ke raka zinariya da kuɗin gwamnati da fursunoni, akasarinsu daga arewa, da na ma'adinai da na jirgin ƙasa. Ba duk wanda Bature ya rubuta “Hausa” ne Bahaushe ba. Akwai Gurunshi da Moshi da Zabarmawa da Dagwamba da Barebari, sai dai Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni. Ba za mu ɓoye ba, wannan tarihi yana da ɗaci. Da hannun waɗannan mutane masu jar dara Bature ya danne ƙasa, har mutanen kudu suka laƙaba musu “buga-buga”, da kalmarmu. Amma daga nan ne kuma ya zauna a zukatan mutanen bakin teku cewa in ana son wanda zai tsaya a ƙofa bai gusa ba, mutumin arewa ake nema.

Da kasuwancin koko ya bunƙasa, aka buɗe ramin zinariya na Obuwasi a ƙarshen ƙarni na 19, aka buɗe tashar jirgin ruwa ta Takoradi a 1928, sai sito-sito da kantuna suka yawaita: UAC da CFAO da SCOA da UTC, ga kuma kantunan Kwarori. Kowane sito na son mai kwana a bakinsa. A nan ne gadi ya zama sana'ar albashi, kalmar ma daga bakin Bature muka ara. Tsofaffin sojoji, musamman waɗanda suka dawo daga Bama bayan 1945, su ne aka fi rububi, domin suna da takardar sallama da ke nuna halinsu. Waɗanda suka girma a Sabon Zango, wanda Malam Bako ya kafa, ko a Nima ta Malam Amadu Futa, ko a Aboabo ta Kumasi, suna tune da siffarsa: dattijo ya fito bayan la'asar da buta da buzu da fitila, gora a kafaɗa, wani da kwari da baka, ya tafi Adabraka ko Adum ya kwana a barandar kantin wani, yana jan tasbaha har asuba.

Abin lura shi ne yadda ake ɗaukarsa. Akawun kanti ba ya tsintar mutum a titi. Yakan aika wa Sarkin Zango ko sarkin ƙabilar mutum, ko wani sanannen maigida, a ce ana son mai gadi. Shi zai zaɓa, shi zai raka shi, shi zai ce na tsaya masa. In kaya suka ɓace, gidan maigidan ake fara zuwa kafin ofishin 'yan sanda, kuma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Wato dai aikin fatoma ne ya sake riga. Wanda ya karanta babin ijara a Muhtasar na Shehu Halilu ya san dalilin da ya sa abin ya zama haka a wurinmu. A mazhabar Malikiyya mai gadi amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwar abin da ya salwanta sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, saɓanin masu sana'a irin maɗinki da marini da ake ɗora wa lamunin abin da aka ba su suka tafi da shi, kamar yadda ɗalibin Risala ya sani. Tun da ba a rama maka bayan ɓarna, dole ka yi bincikenka kafin ta auku, kuma binciken shi ne neman wanda zai sa mutuncinsa jingina.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana goma sha huɗu ya bar ƙasa. Kowane gida a zango yana da nasa labarin wannan wata, ba sai mun tayar da miki ba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, cikin waɗanda suka hau manyan motoci akwai masu gadi da yawa, akwai kuma masu gidajen da ke tsaya musu. An sayar da gidaje a wulaƙance, an bar wasu amana a hannun maƙwabta, wasu amanonin an riƙe su har jikoki, wasu kuma har yau ana shari'arsu. Igiyar da ta haɗa kanti da zauren maigida ta tsinke a wurare da dama, ba ta kuma ɗauru yadda take ba.

Shekarun da suka biyo baya na tsanani ne, har zuwa fari da gobarar daji da yunwar 1983, shekarar da Nijeriya ma ta koro 'yan Gana. Da aka shiga gyaran tattalin arziki aka sayar da kamfanonin gwamnati, bankuna da ma'adinai da rukunin gidaje masu katanga suka yawaita, sai masu su suka fi son su ƙulla yarjejeniya da kamfani ɗaya maimakon su riƙa neman dattijo ɗaya-ɗaya. A 1992 gwamnati ta fitar da ƙa'idar kamfanonin tsaro masu zaman kansu, L.I. 1571, a ƙarƙashin dokar 'yan sanda ta 1970. Tun daga nan mai tsaya wa mai gadi a idon hukuma ya zama kamfani, mai tsaya wa kamfani kuma lasisin Ma'aikatar Cikin Gida. A daidai wannan lokaci ne samarinmu suka fara fita Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, kuɗinsu ya dawo ya zama benaye a Madina da Fadama da Ashaiman da Sawaba da Tafo, gidajen da masu su ba sa kwana a cikinsu.

Akwai wata hanya ta uku da ta ɓullo a tsakani, kuma wajibi ne mu faɗe ta don 'ya'yanmu aka fi ja cikinta. Rikicin filaye a gefen Ankara ya haifar da 'yan gadin fili, ƙarti da ake haya su kori wanda ya zo gini, siyasa kuma ta haifar da nata ƙungiyoyin. Bayan abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairu 2019, majalisa ta yi doka mai lamba 999 wadda ta haramta ƙungiyoyin banga na siyasa da gadin fili, da hukuncin ɗauri mai tsawo ga mai yi da mai hayarsa. Har yanzu akan sami wakilin da zai ce ai ga yaran unguwa nan masu ƙirji, a ba su wani abu duk wata su riƙa lura da gida. In sintirin unguwa ne da sanin dattawa da ofishin 'yan sanda, wannan daban. In kuwa haya ce ta ƙarfi a ɓoye, to ran da suka fasa kan wani, wakili da mai gida za a nema tare da su.

To, yau da takardun kamfanoni ke gabanmu, me tsohuwar tambayar ke nufi? Farkonta lasisi. A nemi ganin na shekarar da ake ciki, domin sabunta shi ake yi, kuma ma'aikatar kan fitar da sunayen kamfanonin da ke da cikakken izini. Takardar rajistar kasuwanci ba ta wadatar ba, ita kowane mai sayar da siminti yana da ita. Sai a sani cewa doka ba ta ba ma'aikatan waɗannan kamfanoni izinin riƙe bindiga ba, ba ta kuma yarda inifom ɗinsu ya yi kama da na soja ko ɗan sanda ba. Ikonsu na kama mutum bai wuce na kowane ɗan ƙasa ba, su riƙe shi su miƙa wa 'yan sanda ba da jinkiri ba. Kamfanin da ya raɗa maka cewa yaransa na da “kayan aiki”, ko ya yi alfahari da yadda suke ladabtar da ɓarawo, ya gaya maka da bakinsa irin masifar da zai jawo maka.

Inda muka fi so a dakata a yi lissafi shi ne farashi, domin a nan ake yaudarar kwamitoci da yawa, kuma araha ba ta ado. Ƙofar da ake tsarewa dare da rana tana cin awa 168 a mako. Dokar ƙwadago ta 2003 ta sa aikin mako awa 40, da hutun mako, da hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki. In aka bi wannan, ƙofa ɗaya ta fi ƙarfin mutum huɗu. Abin da aka saba gani kuwa mutum biyu ne, kowa awa 12 kullum, wato awa 84 a mako. Mafi ƙarancin ladan yini a 2025 sidi 19.97 ne, sai kashi 13 cikin ɗari da kamfani zai zuba wa ma'aikaci a SSNIT bayan kashi 5.5 da ake cira daga albashinsa, sai inifom da takalmi da tocila, sai mai zagayen dare da man babur ɗinsa, sai haraji, sai ribar kamfani. Duk wanda ya kawo farashin da bai ɗauki waɗannan ba, daga cikin mai gadin zai cike giɓin. An taɓa kawo mana ƙarar wani kamfani, ba za mu kama suna ba, wanda kwamiti ke biya kan kari amma yaron da ke ƙofa ya yi wata uku bai ga albashi ba, 'yan haya ne ke ba shi koko da ƙosai. Mai gadin da ke jin yunwa, ko dai ya nemi aikin rana ya zo ya yi barci a ƙofarka, ko ya fara sauraron masu yi masa tayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka muke ba da shawara a rubuta cikin yarjejeniya cewa kwamiti na da haƙƙin ganin shaidar biyan albashi da ta SSNIT duk wata, a kuma tambayi mai gadin kansa a keɓe. Wannan kariya ce ga dukiya, sauke nauyi ne kuma, domin guminsa a ƙofarmu yake zuba.

Sai maganar ramuwa. Kusan kowace yarjejeniyar kamfani tana da sakin layi, da ƙananan haruffa, da ke taƙaita abin da za su biya in an yi sata. A sa wanda ya iya Turancin lauyoyi ya karanta wa kwamiti shi da Hausa, a ji ko suna da inshora, ta nawa ce, ta haɗa da satar da ma'aikacinsu ya yi da hannunsa ko ba ta haɗa ba. A tambaye su kuma yadda suke tantance yaransu: katin ɗan ƙasa, takardar binciken 'yan sanda, da mutum biyu da suka sa hannu suka tsaya masa. Abin dariya, kamfanonin kirki duk sun koma kan tsarin fatoma, sai dai nasu a fom yake. A ƙarshe a nemi gidaje biyu ko uku da suke gadi yanzu, a je ba da sanarwa ba, da ƙarfe biyun dare in da hali, a ga ko mutum na farke, a duba littafin ƙofa a ga yaushe mai zagaye ya sa hannu.

Kada kuma a manta cewa wuta ta fi ɓarawo cin dukiyar 'yan kasuwarmu. Gobarar sabuwar kasuwar Kejetia a Maris 2023 da ta Kantamanto a farkon Janairu 2025, wadda ta tashi cikin dare, sun isa misali. Mai gadin shagunan wakafi ya kamata ya san inda babban makunnin lantarki yake, ya iya sarrafa tukunyar kashe wuta, ya san wane shago ne ake ajiye gas, ya haddace 112 da 192, wayarsa kuma da caji da kuɗin kira. Kamfanin da ya yi shiru da aka yi masa wannan tambaya, inifom kawai yake haya.

Akwai abubuwan da babu kamfanin da zai sani sai mun gaya masa, domin gidan zango ba banki ba ne. Ƙofa tana buɗewa kafin kiran assalatu, a goman ƙarshe na azumi kuwa kusan ba ta rufuwa. Ranar suna ko biki ko zaman makoki mutum ɗari na iya shiga, kuma yaron da ya tare goggon mai gida yana neman katinta ya ɓata abin da shekara ba ta gyara ba. Akwai sashen mata da namiji baƙo ba ya leƙawa. Kare ba ya shiga harabar masallaci. In mai gadin musulmi ne, a tsara wanda zai riƙe masa ƙofa lokacin Juma'a; in ba musulmi ba ne, babu laifi, a dai sanar da shi ladubban wurin, a kuma ba shi nasa lokacin ibada. Duk wannan a rubuce ya kamata ya kasance, a manne a ɗakin gadi.

Muhawarar da har yau dattawa ba su rufe ba ita ce ko a shardanta wa kamfani ya ɗauki 'yan unguwa. Masu goyon baya na cewa da ɗan gari akan ci gari: ya san fuskar kowa, ya san wanda ba shi da dalilin tsayawa a lungu, ga samarinmu ba aikin yi. Masu ja kuma na cewa ran da ya haska tocila ya ga ɗan innarsa ne a kan katanga, kunya za ta kashe masa murya. Mu dai abin da muka ga ya fi zama lafiya shi ne a gauraya, ɗan unguwa da rana lokacin shige da fice, baƙo da dare, kuma a riƙa sauya na daren bayan 'yan watanni.

Saura dattijon da ke ƙofar tun kafin a yi benen. Yawancin kamfanoni ba za su ɗauke shi ba, don shekarunsa sun wuce kuma ba ya rubuta rahoto da Turanci, ko da yake da yawansu na rubutun ajami tsaf. Ba shi da SSNIT, domin babu wanda ya taɓa zuba masa ko kobo. Kwamitocin da suka kawo mana maganarsu mun roƙe su su ware masa sallama daga kuɗin haya kafin su sa hannu da kowa, a lissafa ta bisa shekarun da ya yi, a ba shi a gaban shaidu. Wasu sun bar masa ɗakinsa na zaure da riƙon makullin famfo da na mita, da wani abu duk wata, aka kuma ce yaran kamfani su yi makon farko suna zama tare da shi, yana nuna musu waye ɗan gida, waye baƙo, da wace kusurwar katanga ce aka taɓa haurowa.